Idan Sabar Ajiya Ce Ta Faɗi: Yadda Ake Shirin Farfaɗo da Ita da Babbar Manhajarta

A kowace ma'aikata da ta ɗauki bayananta da muhimmanci akwai kwamfuta guda da aka keɓe domin ta riƙa kwafe abin da ke cikin sauran kowane dare, ta adana a faifai ko a kaset. Ita ce sabar ajiya. Idan sabar imel ta lalace, ko rumbun bayanan albashi ya rikice, wurinta ake zuwa a ɗauko kwafin jiya a mayar, kuma galibi ba a shan wata wahala. Abin da ba a cika yi wa tanadi ba shi ne ranar da ita kanta za ta faɗi, domin kowace na'ura a ofis tana da mai cetonta, ita kuwa ba ta da shi. Manhajar da ta san inda kowane fayil yake tana cikinta, jerin kaset-kaset yana cikinta, sau da yawa har mabuɗan da ake warware bayanan da aka kulle da su suna cikinta. An rufe rumbu ke nan an bar makullin a ciki.

Wannan jagora ta ɗauki misalin saba mai aiki da Linux wadda ake gudanar da Bacula, manhajar kwafe bayanai da adana su, a kanta, ko Bareos da ya samo asali daga gare ta, saboda a kan su ne matsalar ta fi fitowa fili. Wanda yake amfani da wata manhaja dabam zai ga sunayen umarni sun bambanta, amma jerin aikin bai canza ba.

A fara da tambayoyi biyu, a kuma yi lissafi

Kafin a taɓa kowace na'ura, sai shugabannin ma'aikata su amsa tambayoyi biyu a rubuce. Ta farko: aikin awa nawa za mu iya rasawa ba tare da mun durƙushe ba? Masu wannan sana'a suna kiranta RPO. Ta biyu: awa nawa za mu iya zama babu kwamfuta kafin asarar ta fi ƙarfinmu? Ita ce RTO. Ba ma'aikacin kwamfuta ne ya kamata ya yanke waɗannan shi kaɗai ba, domin magana ce ta kuɗi da ta amanar jama'a, nasa shi ne ya faɗi abin da kowace amsa za ta ci.

Daga nan sai lissafi, wanda shi ne yake rusa yawancin tsare-tsaren da aka rubuta a kan zato. Layin intanet mai megabit 100 a daƙiƙa, ko da bai yi ko gezau ba, yana buƙatar kimanin awa 22 kafin ya sauko da terabait ɗaya. Idan kwafin terabait 10 ne, layin kuma megabit 20, ana maganar kwana 46. Saboda haka ofishin da ya ce zai dawo aiki cikin kwana ɗaya alhali kwafinsa kaɗai yana wata ma'ajiya a Turai bai yi lissafi ba tukuna. A kuma tuna cewa lokacin gina sabar ajiyar kanta yana zuwa ne kafin a fara mayar da komai, don haka dole a ɗora shi a kan lokacin kowace saba.

Abin da ake buƙata a ranar da babu abin da ke aiki

Hanya mafi amfani ta gano giɓin tsari ita ce mutum ya zauna ya ɗauka cewa ɗakin sabobi ya ƙone ƙurmus, an miƙa masa sabuwar kwamfuta wadda babu komai a cikinta da kwalin kaset ɗaya, sannan ya tambayi kansa me zai fara nema. Zai nemi filashin da zai tayar da kwamfutar da shi. Zai nemi sanin yadda aka raba faifan tsohuwar sabar, da lambar adireshinta a kan layin ofis, da sigar Bacula da ta rumbun bayanan da ke ƙarƙashinta. Zai nemi fayilolin saiti, waɗanda a mafi yawan tsarin Linux suke cikin /etc/bacula ko /etc/bareos, kuma a cikinsu ne kalmomin sirrin da sassan manhajar suke gane juna da su suke. Zai nemi mabuɗan warware bayanai. Duk abin da ya ambata wanda amsarsa ita ce "yana cikin sabar", to a nan giɓin yake.

Maganar mabuɗi ta fi komai haɗari, domin sauran abubuwa ana iya sake gina su da haƙuri, shi kuwa idan ya ɓata babu dabara. Idan an kulle faifan sabar da LUKS, tsarin kulle faifai na Linux, a ɗauki kwafin kan faifan, wato sashen farkonsa da ke riƙe da bayanan mabuɗi, da wannan umarni, a fitar da shi daga sabar:

cryptsetup luksHeaderBackup /dev/sda3 --header-backup-file luks-sda3.img

Idan kuma Bacula ce take kulle bayanan tun daga kwamfutar da ake kwafewa, a tanadi babban mabuɗi na ma'aikata wanda zai iya buɗe kwafin kowace kwamfuta, a ajiye ɓangarensa na sirri a wajen layin sadarwa gaba ɗaya. Kalmomin sirri mafi muhimmanci a buga su a takarda, a sa a ambulan a manne, a ajiye a akwatin ƙarfe na ofis da kuma wani wuri na biyu. Wasu suna ganin takarda tsohon yayi ce, amma ita ce ba ta buƙatar wuta ko kalmar sirri kafin a karanta ta. A ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta hana kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 tashi, gyaran kansa gajere ne, amma na'urar da aka kulle da BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows, galibi sai da aka nemi mabuɗinta mai lamba 48, kuma ma'aikatun da suka adana waɗannan lambobi a cikin sabobin da su ma suka faɗi sun sha wahala fiye da kowa.

Kundin Bacula da fayil ɗin bootstrap

Bacula kashi-kashi ce. Akwai Director mai tsara jadawali da ba da umarni, akwai Storage Daemon mai rubutu a kaset ko faifai, akwai File Daemon da ke zaune a kowace kwamfutar da ake kwafewa, sannan akwai kundi, wato rumbun bayanai, galibi na PostgreSQL, inda ake rubuta wane fayil ne yake a wane kaset da kuma a wane wuri. Idan kundin ya tafi, kaset-kaset suna nan da bayanansu, amma babu wanda ya san me ke cikin wanne.

Don haka matakin farko na zahiri shi ne a tabbatar aikin BackupCatalog yana gudana kowane dare bayan duk sauran ayyuka sun kammala. Abin da yake yi shi ne ya zazzage kundin zuwa fayil ɗaya na SQL, ya kwafe fayil ɗin. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kwafe ɗanyen foldar PostgreSQL tana cikin aiki a ɗauka an gama, alhali irin wannan kwafi ba lallai ya buɗu ba. To amma ga wani ƙulli: kwafin kundin ya shiga kaset, kuma ba za a san kaset ɗin ba sai da kundin. Abin da yake warware wannan shi ne fayil ɗin bootstrap, ƙaramin rubutu mai ƙarewa da .bsr wanda yake faɗin sunan kaset da daidai wurin da aikin ya fara da inda ya ƙare. Ana samun sa ta hanyar sanya Write Bootstrap a cikin saitin aikin, kuma wajibi ne ya bar sabar a daren da aka rubuta shi, ko ta imel zuwa akwatin da ba a ofis yake zaune ba, ko ta kwafe shi zuwa wata na'ura. Ni a ganina gara ma a wuce nan: a riƙa tura fayil ɗin SQL ɗin kansa, tare da foldar saiti, a dunƙule a kulle, zuwa wani wuri dabam kowane dare. Ba su da nauyi idan aka kwatanta da sauran bayanai, kuma suna rage aikin yini guda zuwa na mintoci.

A rubuta siffar faifai, a shirya filashin ceto

Kwafin fayiloli kaɗai ba ya tayar da kwamfuta. Babbar manhaja, wato Linux ɗin kansa, tana dogara da abubuwan da ba fayiloli ba ne: teburin rabon faifai, tsarin LVM mai haɗa faifai da raba su, lambobin shaidar kowane ɓangare da ake kira UUID, da manhajar tayarwa. A sa ɗan rubutun umarni ya riƙa tattara waɗannan kowane mako a folda guda:

sfdisk -d /dev/sda > sda.txt
vgcfgbackup
blkid > blkid.txt
lsblk -f > lsblk.txt
ip addr > ip.txt
efibootmgr -v > efi.txt

A haɗa da /etc/fstab da jerin manhajojin da aka girka, wanda ake samu da dpkg --get-selections a Debian da Ubuntu, ko rpm -qa a dangin Red Hat. Idan akwai RAID na manhaja, wato faifai da yawa da aka haɗa suna aiki kamar ɗaya, a ƙara abin da mdadm --detail --scan ya nuna. A buga waɗannan a takarda su ma, ba su wuce 'yan shafuka ba.

Akwai manhaja kyauta da take yin duk wannan da kanta, sunanta Relax-and-Recover, an fi saninta da ReaR, kuma tana cikin ma'ajiyar Red Hat da SUSE da Debian. Tana duba sabar, ta haɗa ƙaramar babbar manhaja ta ceto mai ɗauke da direbobin na'urar da siffar faifanta, ta fitar da ita a matsayin fayil ɗin ISO, wato hoton faifan tayarwa, ko kai-tsaye a filashi. Saitinta yana cikin /etc/rear/local.conf, kuma layuka uku sun isa a fara:

OUTPUT=ISO
BACKUP=NETFS
BACKUP_URL=nfs://wata-saba/ajiya

Daga nan rear mkbackup zai haɗa faifan ceto tare da kwafin babbar manhajar. A nan akwai wurin lura. ReaR tana iya aiki da Bacula kai-tsaye, wato a rubuta BACKUP=BACULA, kuma wannan ya dace da sauran sabobin ofis. Amma ga sabar ajiya kanta bai dace ba, domin a ranar da ake buƙatarsa babu Bacula da za a tambaya. Ita a yi mata kwafi mai zaman kansa zuwa wata na'ura ko faifan waje, a cire manyan foldojin da kwafin sauran kwamfutoci yake ciki don kada girmansa ya wuce hankali. Duk lokacin da aka ƙara faifai, ko aka sauya rabonsa, ko aka sabunta ƙwayar Linux, sai an sake haɗa faifan ceto. Umarnin rear checklayout yana nuna ko siffar ta canza tun haɗawar ƙarshe.

Inda kwafin zai zauna

Tsohuwar ƙa'idar 3-2-1 tana nan daram: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Abin da ake saɓa wa shi ne ma'anar "wani wuri". Lokacin da gobara ta cinye ginin SBG2 na kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta ƙasar Faransa a ranar 10 ga Maris 2021, akwai abokan cinikin da suka rasa komai saboda kwafin ajiyarsu yana cikin harabar da ta ƙone. A nan gida ma, ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024 ta mamaye unguwanni da dama na Maiduguri lokaci guda, don haka reshen ofis da ke ƙetaren titi ba wani wuri ba ne. A nemi wani gari. Dogara ga intanet kaɗai ma yana da nasa haɗarin, kamar yadda aka gani a ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku da dama suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da yawa har da Najeriya da Ghana. Mafi aminci shi ne kwafi ɗaya da za a iya ɗauka a hannu a sa a mota, da wani a nesa.

Sai kuma masu garkuwa da bayanai, waɗanda yanzu sabar ajiya suke fara nema kafin su kulle sauran. Kada a haɗa ta da Active Directory na ofis, wato tsarin Windows mai riƙe da asusun ma'aikata, kada kalmar sirrinta ta yi tarayya da ta kowace na'ura, kuma a samu kwafi aƙalla ɗaya wanda ko mai cikakken iko ba zai iya gogewa ta layi ba: kaset da aka cire aka ajiye a kabad, ko ma'ajiyar intanet mai kulle fayil na ƙayyadadden lokaci irin Object Lock. Labarin kamfanin jiragen ruwa na Maersk a harin NotPetya na Yunin 2017 ya isa misali. Harin ya shafe sabobin da ke riƙe da asusun ma'aikatan kamfanin a faɗin duniya, kuma kamar yadda aka ruwaito, wadda ta tsira tana ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta ta katse daga layi kafin harin ya iso. Daga nan aka bi da faifan ta Najeriya zuwa Ingila. Kamfanin ya sake girka sabobi kimanin 4,000 da kwamfutoci 45,000. Abin da ɗaukewar wuta ta yi musu bisa sa'a shi ne ake so a yi da gangan.

Mai amfani da kaset ya kula da abu guda: na'urar LTO-8 tana karanta kaset na LTO-8 da LTO-7 ne kawai, ba kamar na'urorin baya da suke komawa zuriya biyu ba. Idan na'urar karatun ta ƙone tare da sabar, sai an san tun yau inda za a samo wadda ta dace da kaset ɗin da ke hannu.

Ranar da abin ya faru

Abu na farko shi ne a dakata. A gano ko faifai ne ya mutu, ko wuta ce ta ƙona na'ura, ko kuwa kutse ne, domin idan kutse ne aka mayar da kwafi a kan layin da ɓarawon yake ciki, an miƙa masa kwafin ne. A irin wannan hali a cire sabar daga layi, a bar tsohon faifan yadda yake saboda bincike, a gina sabuwa a keɓe. Ma'aikatar da ke Najeriya ta kuma tuna cewa Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai idan abin ya shafi bayanan mutane ta hanyar da za ta iya cutar da su. Kafin a sa kowane kaset a na'ura, a tura ɗan maɓallin hana rubutu da ke jikinsa. Idan kwafin a faifan waje yake, a haɗa shi a matsayin na karatu kaɗai. A kuma tabbatar da wuta: aikin mayarwa yana ɗaukar awanni, kuma idan janareta ya tsaya ko batirin inbata ya ƙare a tsakiya, daga farko za a koma.

Idan an yi tanadin ReaR, aikin gajere ne. A tayar da sabuwar na'urar da filashin ceto, a shiga a matsayin root, wato mai cikakken iko, a duba ko layin sadarwa ya hau, sannan a rubuta rear recover. Za ta raba faifan, ta gina LVM, ta tsara ɓangarorin da tsoffin lambobinsu, ta zuba fayiloli, ta girka manhajar tayarwa. Idan girman sabon faifan ya bambanta da na tsohon, za ta tsaya ta nemi a nuna mata wanne zai maye gurbin wanne. A karanta wannan tambaya da kyau, domin faifan da aka nuna za a shafe shi. Sabuwar na'urar kuma ta kasance a yanayin tayarwa irin na tsohuwar, BIOS ko UEFI, saboda sauya wannan a tsakiyar rikici ƙarin aiki ne da ba a buƙata.

Idan da hannu za a yi

Ya kamata duk mai kula da saba ya taɓa yin wannan da hannu ko da sau ɗaya, domin shi ne zai fahimtar da shi abin da ReaR take yi, ya kuma san inda zai duba idan ta tsaya. A tayar da na'urar da kowane filashin Linux, zai fi kyau ya zama na dangin da ake mayarwa. A mayar da teburin rabo da sfdisk /dev/sda < sda.txt, bayan an tabbatar da lsblk cewa sda ɗin yau shi ne faifan da ake nufi, domin sunayen faifai suna sauyawa daga na'ura zuwa na'ura. Idan da LVM, a yi pvcreate da tsohuwar lambar UUID da fayil ɗin da vgcfgbackup ya ajiye, sannan vgcfgrestore, sannan vgchange -ay.

Wajen tsara ɓangarori ne takardar blkid take amfani. Fayil ɗin /etc/fstab da saitin GRUB, manhajar tayarwa, suna kiran ɓangarori da lambobinsu ne, don haka ko dai a ba sababbin ɓangarorin tsoffin lambobi, da mkfs.ext4 -U ko mkfs.xfs -m uuid=, ko kuma a gyara fstab daga baya. Ta farkon ta fi sauƙi kuma ta fi ƙarancin kuskure. Kada a manta da ɓangaren swap, shi ma yana da lambarsa, haka ƙaramin ɓangaren EFI da ake tsarawa da FAT32. Daga nan a haɗa ɓangaren tushe, wanda babbar manhajar za ta zauna a ciki, a /mnt, a haɗa /boot da /boot/efi a ƙarƙashinsa, a zuba fayiloli. Idan da rsync ne, a yi amfani da -aHAX tare da --numeric-ids, in ba haka ba mallakar fayiloli za ta bi sunayen da ke filashin ceto, a wayi gari PostgreSQL ta ƙi tashi saboda foldarta ta zama ta wani. Foldojin /proc da /sys da /dev da /run ba a kwafe abin cikinsu, amma sai an ƙirƙire su babu komai a ciki.

Saura tayarwa. A jingina /dev da /proc da /sys na filashin a cikin /mnt da mount --bind, a shiga da chroot /mnt. A Debian da Ubuntu a yi grub-install, sannan update-grub, sannan update-initramfs -u -k all. A dangin Red Hat kuwa grub2-mkconfig ne da dracut -f --regenerate-all, kuma idan na'urar UEFI ce ana sake girka ƙunshin grub2-efi da shim ne, a duba da efibootmgr ko an yi rajistar hanyar tayarwa. Sake gina initramfs, ƙunshin direbobin da Linux ke fara lodawa yayin tashi, ba abin tsallakewa ba ne idan na'urar ta canza, saboda tsohon yana iya ɗauke da direbobin tsohuwar na'ura kaɗai, sai kwamfuta ta fara tashi ta tsaya tana cewa ba ta ga faifanta ba. Inda tsarin tsaro na SELinux yake aiki a yi touch /.autorelabel kafin a fita, in ba haka ba mutum zai iya rubuta kalmar sirri daidai a ƙi buɗe masa. Bayan an tashi, abu biyu suke yawan ba da matsala. Sunan katin sadarwa yana iya sauyawa, misali daga eno1 zuwa enp3s0, sai saitin adireshi ya rasa inda zai zauna. Agogo kuma yana iya zama ba daidai ba, musamman a na'urar da ta daɗe a ajiye batirinta ya mutu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga sabar ajiya: takardun shaidar TLS, da na'urori ke tantance juna da su a kan layi, za su ƙi aiki, idan kuma agogon ya yi gaba sosai Bacula tana iya ɗauka wa'adin tsoffin kwafi ya cika ta fara share su daga kundi. A gyara agogo kafin a kunna Director.

Tayar da Bacula

A girka sigar Bacula da ta PostgreSQL irin waɗanda aka rubuta a takarda, a mayar da foldar saiti, amma a kashe jadawalin ayyuka tukuna. Idan fayil ɗin SQL yana hannu, a ƙirƙiri rumbun bayanan, a zuba shi da psql, a ba da izini. Idan yana cikin kaset, bextract zai ciro shi ba tare da Director ba, muddin an ba shi fayil ɗin bootstrap da zaɓin -b da sunan na'urar da foldar da zai zuba. Idan babu kundi kuma babu bootstrap, bls zai nuna abin da ke cikin kaset, bscan kuma zai sake gina kundin ta hanyar karanta kowane kaset daga farko har ƙarshe. Yana aiki, amma kaset ɗin LTO-8 yana ɗaukar terabait 12 tun kafin a matse bayanai, don haka mai kaset ashirin ya shirya wa kwanaki.

Ko da kundin ya dawo, na daren jiya ne ko shekaranjiya, bai san abin da aka rubuta bayansa ba. Idan an bar shi haka, Bacula za ta ga adadin abin da ke kaset bai yi daidai da na kundi ba ta ƙi rubutu a kansa, kuma sababbin kwafin ba za su bayyana a jerin mayarwa ba. A bi kaset-kaset na ƙarshe da bscan tare da -s da -m domin kundin ya cim ma gaskiya. Sai a buɗe bconsole, a duba status na Director da na ma'ajiya da na kwamfuta ɗaya, a mayar da ƙaramin fayil guda zuwa folda ta gwaji a buɗe shi. Idan ya buɗu, sannan a shiga mayar da sauran sabobi bisa jerin da aka rubuta tun farko: masu ba da adireshi da suna da tantance ma'aikata su ne gaba, sai rumbunan bayanai, sai manhajojin da suka dogara da su.

A ɓangaren Windows hanyar ta fi gajarta, domin Windows Server Backup yana ɗaukar cikakken hoton na'ura wanda ake mayarwa daga faifan girkawa. Abin da za a tanada shi ne direban katin RAID a filashi, da mabuɗin BitLocker, da kalmar sirrin DSRM, wato ta yanayin gyara, idan sabar tana riƙe da Active Directory, wadda galibi an sa ta ne ranar girkawa ba a sake tunawa da ita ba.

Gwaji

A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab ya goge kusan gigabait 300 na babban rumbun bayanansu bisa kuskure. Da aka juya ga hanyoyin ajiya sai aka tarar ba su aiki yadda aka zata: pg_dump, umarnin da ke zazzage rumbun PostgreSQL, ya daɗe yana faɗuwa saboda sigarsa ta 9.2 ce rumbun kuwa 9.6, saƙonnin gargaɗin kuma ba su isa ga kowa ba. Abin da ya cece su wani hoton faifai ne da aka ɗauka awa shida kafin nan domin wani aiki dabam. Darasin aiki a nan biyu ne. Rashin ganin saƙon kuskure ba shaidar nasara ba ce, don haka a tsara sa-ido yadda zai yi ƙara idan saƙon nasara bai zo ba. Sannan a riƙa mayarwa da gaske.

Kowane wata a ciro 'yan fayiloli daga kaset da aka zaɓa ba tare da shiri ba, a gwada su da na asali ta sha256sum. Aƙalla sau biyu a shekara a yi cikakken gwaji a kan kwamfutar da ba a amfani da ita, ko a cikin VirtualBox ko KVM, a layin da aka keɓe domin sabar gwaji kada ta yi karo da ta gaske a adireshi ko ta fara kiran kwamfutocin ofis. Sharaɗin gwajin shi ne ba a taɓa sabar da ke aiki, ba a kuma tambayar wanda ya gina ta. A miƙa wa wani ma'aikaci takardar da ambulan da filashin, wanda ya rubuta ya zauna gefe da biro yana lura da duk inda aka tsaya ana neman bayani, domin kowane tsayawa layi ne da ya ɓace a takardar. A riƙe agogo daga farko har zuwa lokacin da fayil na farko ya buɗu, a kwatanta da RTO da shugabanni suka sa wa hannu. Idan lokacin ya zarce, a koma musu da lambar da aka samu, su zaɓa tsakanin sayen na'urar jiran ko-ta-kwana da sassauta wa'adin. Bayan kowane gwaji, haka kuma bayan kowace farfaɗowa ta gaske, a gyara takardar a sa mata kwanan wata, a sake haɗa faifan ReaR, a sauya ambulan idan an buɗe shi, a kai sabon kwafin wuri na biyu a karɓo tsohon.